Baƙin bakin teku: nawa suke kawowa, nawa ke saura a ƙasa?

Malam Aminu, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna batun wuraren shaƙatawa na bakin teku, domin kullum aka yi maganar raba tattalin arzikin Nijeriya da dogaro kan man fetur sai an ambaci yawon buɗe ido, amma ba a cika bin lissafin har ƙarshe ba. Gaɓar tekunmu ta kai kimanin kilomita 850 daga Badagry zuwa yankin Kalaba, yayin da ta Gambiya ba ta wuce kimanin kilomita 80 ba, duk da haka Gambiya na samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikinta daga baƙin da ke zuwa shan iska a Kololi da Kotu da Bakau, sana'ar da ta faro tun 1965 lokacin da aka fara kawo mutanen Suwidin masu gudun sanyin ƙasarsu. Ra'ayina shi ne yawan baƙin da suka sauka a filin jirgi ba shi ne ma'auni ba. Baturen da ya biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci da abin sha duka a dunƙule tun yana Manchester, ga kamfanin ƙasarsu, ya hau jirgin ƙasarsu, ya kwana a otal ɗin da mai shi baƙo ne, ya ci nama da cukuwi da aka shigo da su daga waje, to abin da ya bari a ƙasar da ya ziyarta shi ne albashin mai gyaran gado da ɗan haraji. Gwamnatin Gambiya ta ga wannan har ta hana sayar da irin wannan tafiya ta dunƙule a 1999, amma ba a daɗe ba ta janye saboda matsin kamfanonin da ke kawo baƙin. Tambayata ita ce, idan za mu shiga wannan harka, da waɗanne sharuɗɗa za mu shiga?

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, sai dai kada mu raina albashin mai gyaran gado. Ni 'yar kasuwa ce, kuma na san cewa aikin da ke biyan mutum duk ƙarshen wata, ko yaya ƙanƙantarsa take, shi ke riƙe gida mai mutum goma. Masana'antar zamani tana iya aiki da injina da mutane kaɗan, amma otal ba ya aiki sai da hannaye: mai girki, mai wanki da guga, mai shara, mai gadi, direba, mai kula da furanni, mai gyaran famfo da lantarki. Da yawansu mata ne da matasan da ba su yi dogon karatu ba, wato daidai mutanen da muke da su jibge ba aikin yi.

Malam Shehu, Kwarbai:
Allah ya saka wa Malam Aminu da alheri da ya buɗe wannan magana. Ni damuwata ba ta kuɗi ba ce. Abin da ake sayarwa a bakin teku, idan muka faɗi gaskiya, ya haɗa da damar da baƙo yake samu ya aikata a ƙasar wasu abin da zai ji kunyar aikatawa a unguwarsu. Tsiraici da barasa su ne na fili, amma akwai wanda ya fi su muni. A Gambiya ɗin da aka kawo misali, an daɗe ana kuka da samarin da suka bar makaranta da gona suna yawo a bakin ruwa suna neman tsofaffin Turawa su aure su ko su fitar da su waje, kuma hukumomin ƙasar da kansu sun sha yin magana kan baƙin da ke zuwa neman ƙananan yara. Yaron da ya ga ɗan'uwansa ya samu a mako ɗaya abin da malamin firamare ba ya samu a wata, da wane baki za a ce masa ya koma aji? Wannan asara ce da ba ta fitowa a rahoton babban banki, kuma al'ummar da ta ɗauke ta ba ita ce ke karɓar harajin ba.

Barista Zainab, Kongo:
Allah ya gafarta Malam, damuwarka gaskiya ce, kuma ina so in nuna cewa ba Musulmi kaɗai ke da ita ba, sannan akwai ƙasashen da suka nemi maganinta ta hanyar doka. A tsibiran Baleyar na Sifaniya, inda garin Magaluf ya yi ƙaurin suna da mashayan samari daga Birtaniya, an kafa doka a 2020 da ta taƙaita barasar da otal zai ba baƙo a wasu unguwanni zuwa kofi shida a rana, ta kuma hana tallan shan giya ba iyaka. A watan Afrilu na 2024 dubban mazauna tsibiran Kanari suka fito zanga-zanga saboda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, masu gidaje sun gwammace su ba baƙin kwana uku maimakon iyalan gari. Bali ta Indonesiya, wadda yawancin mutanenta mabiya addinin Hindu ne, ta fitar da jerin abubuwan da aka hana baƙi a 2023 bayan wasu sun riƙa ɗaukar hotuna tsirara a wuraren ibada, ta kori wasu daga ƙasar, sannan daga Fabrairun 2024 ta ɗora wa kowane baƙo harajin rupiya 150,000 na kuɗin Indonesiya.

A ɓangaren ƙasashen Musulmi kuwa, akwai hanyoyi biyu da suka cancanci a duba. Tsibirin Zanzibar na Tanzaniya ya sanar a 2021 cewa duk baƙon da ya shiga gari ba sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa zai iya fuskantar tarar da ta fara daga dala 700, kuma mai yi masa jagora shi ma zai biya, wanda a ganina nan ne hikimar take, domin jagoran da ya san aljihunsa zai taɓu shi zai fara gargaɗin baƙonsa tun a mota. Maldives kuma, ƙasar tsibirai a tekun Indiya, tun da ta buɗe wurin shaƙatawa na farko a 1972 ta ware kowane otal a tsibirinsa, nesa da inda jama'a ke zaune, barasa ba ta halatta sai a can. Sai a 2009 aka yarda 'yan ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi, da sharaɗin ba giya, kuma an killace wani yanki na bakin ruwa ga masu son yin wanka da kayan ninƙaya. Abin da na fahimta daga waɗannan duka shi ne yawancin baƙi suna bin ƙa'idar da aka faɗa musu a sarari kuma suka ga ana aiki da ita; inda hukuma ta yi shiru don tsoron kada su gudu, nan ne mafi munin cikinsu ke taruwa.

Injiniya Bashir, Hanwa:
Barista ta yi maganar doka, ni kuma zan yi maganar ruwa da bola, domin halin baƙo ba ya tsayawa ga abin da ya sa a jikinsa. Mutumin da ke hutu yana wanka sau biyu ko uku a rana, ana canza masa tawul da zanen gado kullum, akwai tafkin ninƙaya da ake cikawa, ga ciyawar ado da ake ba ruwa da rani. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani da kuma Nungwi a arewa, ƙasar dutsen murjani ce, ruwan daɗi ɗan siriri ne yana kwance a kan ruwan gishiri. Otal ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi ya sa injin zuƙa, ruwan gishiri ya taso ya cike gurbin, sai rijiyar ƙauye ta zama ba ta shayuwa, matan da ke noman ciyawar teku su koma sayen ruwan jarka. Mu da muka san yadda ake bin 'yan garuwa a Sabon Gari da Tudun Wada lokacin bazara ba ma bukatar dogon bayani kan abin da hakan ke nufi ga gida.

Bola ma haka take. Maldives da ake nuna ta a hoto kamar babu ƙazanta a cikinta ta ware wani wuri mai suna Thilafushi tun 1992 inda ake jibge sharar babban birni da ta otal-otal, har ya zama tsibiri guda. Filifin ta rufe tsibirin Boracay na wata shida daga Afrilun 2018 saboda otal-otal suna zuba ruwan masai kai tsaye cikin tekun da baƙinsu ke wanka. Tailan ta rufe bakin tekun Maya Bay a watan Yunin 2018 bayan kwale-kwale masu inji da dubban masu ziyara a kullum sun kashe murjanin wurin, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022. Duk wanda zai lissafa ribar bakin teku, ya cire kuɗin tace ruwan ƙazanta da kwashe shara tun farko, in ba haka ba ribar bashi ce da 'ya'yan masunta za su biya.

Malam Aminu, Samaru:
Na gode, Injiniya. Akwai kuma wani abu da ya shafi tattalin arzikin ƙasa kai tsaye, wato saurin gudun baƙo. Mai sayen ɗanyen mai ko koko zai saya ko da ana rikici, amma mai zuwa hutu labari ɗaya ya isa ya sauya masa hanya. A ranar 26 ga Yuni, 2015, ɗan bindiga guda ya kashe mutum 38 a bakin tekun Sousse na Tunisiya, 30 daga cikinsu 'yan Birtaniya, otal-otal da dama suka rufe, ma'aikata suka koma gida. A ranar 31 ga Oktoba na shekarar aka tarwatsa jirgin Rasha da ya taso daga Sharm el-Sheikh na Masar da mutum 224, Rasha ba ta sake barin jiragenta su je wuraren shaƙatawar Bahar Maliya ba sai Agustan 2021. Wani lokaci ma ba laifin ƙasar ba ne sam: kamfanin shirya tafiye-tafiye na Birtaniya, Thomas Cook, ya durƙushe a Satumban 2019, ana gab da shiga lokacin baƙi, kuma shi ne ke kawo kaso mai tsoka na masu zuwa Gambiya. Da korona ta zo a 2020, tattalin arzikin Maldives ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. A Janairun 2024 kuma kalaman wasu ƙananan ministocinta kan firaministan Indiya sun sa Indiyawa da yawa suka ƙaurace mata. Ƙasar da mutanenta ba su wuce rabin miliyan sosai ba, mai karɓar baƙi miliyan biyu a 2024, dole ta auna kowace kalma da take faɗa wa maƙwabtanta. Wannan shi ne farashin dogaro, kuma ba ya bambanta sosai da abin da muke kuka da shi game da fetur.

Yusuf, Jushi:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a nan, amma na yi aikin hidima a wani wurin shaƙatawa a yankin Lekki na Legas kafin in dawo gida karatu, kuma ina ganin ana magana kamar baƙon Bature ne kaɗai. A Legas mafi yawan masu zuwa 'yan Nijeriya ne, sai 'yan ƙasa mazauna waje da ke dawowa a watan Disamba. Ta fuskar abin da Malam Aminu ya faɗa wannan alheri ne, domin ɗan ƙasa ba ya gudu don ya ji labari a rediyon waje, kuma abin da yake ci shinkafa ce da gasasshen kifi da tsire, kuɗin yana shiga hannun mutanenmu. Amma halayen da ake zargin Turawa da su na gani a wurin namu. Mutum zai tashi ya bar robobin ruwa da leda da fasassun kwalabe a cikin yashi alhali kwandon shara yana kusa da ƙafarsa, yana ganin kuɗin shiga da ya biya ya saya masa wanda zai bi shi da tsintsiya. Za a gaya wa mutum igiyar ruwa tana da ƙarfi yau, ya zagi mai gargaɗin ya shiga, alhali tekunmu ba kwantacce ba ne, yana ja da ƙarfi daga ƙasa, kuma kusan duk lokacin biki sai an rasa rai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wasu ke yi wa 'yan matan da ke kai abinci magana, su kuma ba su da ikon ɗaga murya domin mafi yawanmu ba mu da takardar ɗaukar aiki, ranar da ba baƙi ba a biyanmu.

Malam Shehu, Kwarbai:
Yusuf, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ya kamata mu ji. Barista kuma na karɓi hujjarki cewa doka tana aiki idan an tsaya a kanta. Inda har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba shi ne tsarin Maldives. Ware baƙo a tsibiri ya kare idon yaron ƙauye, amma bai kare ma'aikacin da ke wata da watanni a can ba tare da iyalinsa ba, kuma da yawan ma'aikatan ma daga Bangladesh da Indiya da Siri Lanka aka kawo su, wato an ɗauki matsalar an ɗora wa talakan wata ƙasa. Addininmu bai hana tafiya don ganin halittar Allah ba, ya ma yi umarni da ita, kuma Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Amma girmama baƙo daban, sayar masa da abin da kai ka san cuta ce daban. Idan za a gina wuraren da magidanci zai kai matarsa da 'ya'yansa, da masallaci da abincin halal da ɓangaren da mata za su shiga ruwa cikin sutura da natsuwa, ina goyon baya, kuma na san akwai irinsu a gaɓar Turkiyya da Maleshiya suna cika da iyalai.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Ina so in dawo da maganar gida, domin wani zai ce mu a Zariya me ya haɗa mu da teku. Tumatir da attarugu da albasar da ake girki da su a otal-otal ɗin Legas daga ina suke fitowa? Daga fadamunmu na Galma da Hunƙuyi da Kadawa, a loda su a kwanduna a tirela zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Shanun da ake yankawa daga arewa suke, masu gasa tsire da kilishi a bakin ruwan ma yaranmu ne. Matsalar ita ce babban otal yana son kaya iri ɗaya, mai tsabta, a kan lokaci, da rasit, mu kuma tumatirinmu yana kwana biyu ko uku a hanya cikin kwandon da ke matse na ƙasa, kaso mai yawa ya lalace kafin a sauke. Shi ya sa mai sayen kayan otal yake komawa ga na gwangwani da na waje. Da ƙungiyoyin manoma za su samu akwatunan roba da motoci masu sanyi su ƙulla yarjejeniya kai tsaye da otal-otal, da kuɗin da Malam Aminu ke cewa yana zurarewa waje ya biyo hanyar Kaduna ya iso mana. Haka batun fata: muna da cibiyar koyar da aikin fata a Samaru, muna da dukawa da masu ɗinkin hannu a cikin birni, amma shagon tsaraba a otal cike yake da kayan da aka yi a Sin.

Alhaji Garba, Tukur-Tukur:
Na karanta duka, kuma Hajiya ta taɓo inda nake so. Waɗanda suka kai shekaruna sun san cewa arewa ta taɓa gwada wannan harka da ruwan da take da shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga da otal ɗin tafkin Bagauda, iyalai daga Kano da Zariya da Kaduna suna zuwa hutun ƙarshen mako, har da Turawan da ke koyarwa a jami'armu. Yau Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Ginawa ba ta taɓa gagarar mu ba, riƙewa ce ke gagarar mu, kuma wurin hutu ba ya jure wata shida ba gyaran famfo da fenti. Don haka idan na ji ana maganar manyan otal-otal a bakin teku da kuɗin gwamnati, gabana yana faɗuwa. Aikin gwamnati hanya ce da tsaro da wuta da ruwa da masu ceto a bakin teku, sai kuma alƙalin da zai hukunta wanda ya karya ƙa'ida ko baƙo ne ko mai otal. Mu ma nan muna karɓar baƙi a Hawan Sallah da Hawan Daushe, kuma tun da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya a Disamban 2024 za su ƙaru. Na sha ganin mai kyamara ya kutsa gaban dawaki ko ya ɗauki matan gida hoto ba izini, ba don mugunta ba, sai don ba wanda ya gaya masa iyakarsa.

Barista Zainab, Kongo:
Ranka ya daɗe, a cikin ayyukan gwamnati da ka lissafa akwai ɗaya da zan ƙara, kuma a ganina shi ne ke gaba da sauran, wato tabbacin mallakar fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, sannan gwamnatin tarayya tana da nata iko a kan gaɓar ruwa, don haka mai zuba jari da masunci duka ba su san ranar da za a ce su tashi ba. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay a Legas bisa hujjar fasa bututun mai, cikinsu har da masu kwale-kwale da masu sayar da abinci da ke rayuwa da masu zuwa hutu. A Afrilun 2024 aka rushe wurin shaƙatawa na bakin ruwan Landmark a Legas, wurin da mutane da yawa ke cin abinci a cikinsa, domin hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700. Bar Beach da iyayenmu suka sani kuwa an cike shi da yashi an gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Ba ina cewa hanyar ba ta da amfani ba ne, tana iya buɗe gaɓar Ondo da Ibeno ta Akwa Ibom ga masu ziyara. Amma wanda ya san ana iya rushe shi da sanarwar kwanaki ba zai kashe kuɗi ya gina matatar ruwan ƙazanta da Injiniya ke nema ba, ba zai ba Yusuf takardar aiki ta dindindin ba, ba zai ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da manoman Hajiya ba. Rumfa zai kafa ya kwashi abin da zai kwasa kafin katafila ta iso.

Malam Aminu, Samaru:
Barista, na yarda da wannan game da mai zuba jari, amma ina tsoron kada tabbacin mallaka ya zama katanga da ƙofar karɓar kuɗi a kowane taku na gaɓa, kamar yadda ya riga ya faru a yawancin Lekki, inda talakan Legas ba ya iya taka yashin tekun garinsu sai ya biya. Idan za a ba otal takardar shekara 50 ko 99, a rubuta a cikinta cewa hanyar masunta zuwa ruwa da wurin ajiye kwale-kwalensu ba sa cikin cinikin, kuma a bar wani yanki a buɗe ga kowa kyauta. Ko dokar da muke da ita yanzu tana ba gwamna damar sa irin wannan sharaɗi a takardar mallaka, ko sai majalisar jiha ta yi sabuwa?

Barista Zainab, Kongo:
Tana ba shi, Malam, domin takardar mallaka tana ɗaukar sharuɗɗan da gwamna ya gindaya, kuma karya su hujja ce ta soke ta. Sai dai sharaɗin da gwamna ɗaya ya sa wani yana iya yafewa a ɓoye, don haka na fi son majalisa ta rubuta shi a doka, ta kuma ba ƙungiyar masunta da mazauna wurin ikon kai ƙara da kansu idan aka toshe musu hanya.